Haƙƙin masu sauraron taurari a zangunan rediyo

A watan Disamba na shekarar 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon wani yanki na zangunan rediyo domin fasahar 5G, inda kamfanoni biyu, MTN da Mafab, suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Abin da suka saya da waɗannan maƙudan kuɗi izini ne kawai na aika saƙo a kan wasu igiyoyi da ido ba ya gani, ba tare da wani ya shigo musu ba. Haka ake yi a kusan kowace ƙasa, kuma ba ni da ja a kan haka. Inda nake da magana shi ne, akwai wasu masu haƙƙi a waɗannan zanguna waɗanda ba su da kuɗin shiga gwanjo, ba kuma aika saƙo suke yi ba balle a ji muryarsu, wato masana falaki masu kasa kunne ga abin da ke fitowa daga taurari. A ganina wajibi ne doka ta tsare musu rabonsu, kuma a wannan zamani da taurarin ɗan'adam suke neman cika sama, dokar da ake da ita ta yi wa matsalar kaɗan.

Duk wanda yake son ya auna wannan haƙƙi sai ya fara duba inda aka samo dukiyar da ake gwanjonta. A shekarar 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan lantarki ya bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar takan kauce daga inda take nunawa. Kafin wannan lokaci ana ɗaukar lantarki da maganaɗisu a matsayin abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Michael Faraday, wanda ya taso yana koyon ɗinkin littattafai a Landan kuma bai yi zurfi a lissafi ba, shi ya ɗauki zancen ya juya shi: a 1831 ya nuna cewa idan aka motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana a cikinta. Kowane janareta da ke ruri a bayan shago yau a kan wannan yake aiki. Amma abin da ya fi janareta muhimmanci shi ne tunanin da Faraday ya fito da shi. Ya barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, ya ga garin ya jeru layi-layi yana lanƙwasawa daga wannan baki zuwa wancan, sai ya ce ƙarfin ba tsallake yake yi daga abu zuwa abu ba, yana nan shimfiɗe a sararin da ke tsakaninsu. Manyan masana lissafi na zamaninsa ba su ɗauki wannan magana da nauyi ba, domin mai ita bai iya rubuta ta da alƙaluma ba.

Wanda ya rubuta ta shi ne James Clerk Maxwell, ɗan Sukotland, wanda aka haifa a shekarar da Faraday ya yi wancan gwaji. Tsakanin 1861 da 1865 Maxwell ya mayar da layukan Faraday lissafi, kuma lissafin ya haifar da abin da ba a nema ba. Ya nuna cewa canjin filin lantarki, wato ƙarfin nan da ke shimfiɗe a sarari, yana haifar da filin maganaɗisu, canjin wannan kuma yana sake haifar da wancan, su riƙa tura juna gaba suna tafiya a sarari ba tare da waya ba. Da ya ƙididdige saurin wannan tafiya, ta hanyar amfani da awon da wasu Jamusawa biyu, Weber da Kohlrausch, suka yi a ɗakin gwaji a 1856, sai ya sami kimanin kilomita 310,000 a daƙiƙa guda, adadin da ya yi kusa ƙwarai da saurin haske kamar yadda aka auna shi a lokacin. Daga nan ya yanke cewa haske da kansa igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, kuma babu abin da zai hana a sami wasu igiyoyin irinsa, masu tsawo ko gajarta fiye da wanda ido ke iya kamawa. Maxwell ya rasu a 1879 yana da shekara 48, bai ga tabbacin maganarsa ba. Heinrich Hertz ne ya samar da waɗannan igiyoyi a birnin Karlsruhe na Jamus a 1887 da 1888, ta hanyar tartsatsin wuta da ke tsalle tsakanin ƙarafa biyu, wani ƙaramin tartsatsin kuma yana amsawa a wani zoben waya a can gefen ɗaki. Shekara 13 bayan haka, a 1901, Marconi ya aika alama ta rediyo daga Ingila zuwa gaɓar Newfoundland, wadda take cikin Kanada a yau.

Babu ɗaya daga cikin Oersted da Faraday da Maxwell da Hertz da ya zauna da niyyar ƙirƙiro wayar hannu, kuma da a ce an tambaye su ribar da binciken zai kawo a cikin shekara biyar kafin a ba su kuɗin aiki, da babu wanda zai tsallake. Son sani ne ya ja su, kuma daga wannan son sanin ne aka sami rediyo da talabijin da rada da wayar salula. Saboda haka idan yau magadan wannan al'ada ta bincike suka nemi a bar musu ɗan yanki na zangunan, bai dace a kalle su kamar masu bara a ƙofar mai arziki ba.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa bashin ya tafi ta ɓangare biyu, domin kamfanin tarho ne ya buɗe wa masana falaki wannan ƙofa, ko da yake ba da gangan ba. A farkon shekarun 1930 ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka ya ɗora wa wani matashin injiniya, Karl Jansky, aikin gano abin da ke kawo ƙara a layin tarho na gajeren zango da ke ƙetara tekun Atilantika. Ya gina eriya mai juyawa a kan tayoyin mota, ya yi ta saurare a kan megahaz 20.5. Ya gano ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa, sai kuma wani siririn huci da ya ƙi bari, wanda yake ƙaruwa ya ragu sau ɗaya a rana. Da farko ya zargi Rana, amma da ya ci gaba da awo sai ya ga hucin yana dawowa ne bayan awa 23 da minti 56, ba awa 24 ba, kuma wannan tazara ta minti huɗu ita ce bambancin da ke tsakanin kewayowar taurari da kewayowar Rana. Ashe daga tsakiyar gungun taurarin da Ranarmu take ciki hucin yake fitowa. Ya wallafa sakamakon a 1933, kamfanin kuma ya mayar da shi wani aikin, tun da tambayar da aka sa shi ya amsa ta. Sai wani mai sha'awar rediyo, Grote Reber, ya gina faranti mai faɗin mita 9 a bayan gidansu a jihar Illinois a 1937 da kuɗin aljihunsa, ya yi shekaru kusan shi kaɗai yana zana taswirar sama ta rediyo.

Abin da ya biyo baya ya sauya ilimin falaki gaba ɗaya. Dubban shekaru mutum yana kallon sama ta ƙaramar taga guda, wato hasken da ido ke gani, sai ga lissafin Maxwell ya nuna cewa wannan taga ɗaya ce daga cikin masu yawa. A 1944, ana tsakiyar yaƙi, wani ɗalibi ɗan Holan, Hendrik van de Hulst, ya ƙididdige cewa iskar haidurojin mai sanyi da ke tsakanin taurari za ta riƙa fitar da igiya mai tsawon santimita 21, wato megahaz 1420, kuma a 1951 aka kama ta a jami'ar Harvard. Wannan igiya tana ratsa ƙurar da ke tare haske, da ita aka ga siffar gungun taurarinmu da yadda yake juyawa. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson, su ma ma'aikatan Bell, suka bayyana wata ƙara da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, bayan sun kori tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyarsu sun kuma goge kashinsu, suna tsammanin daga nan matsalar take. Ƙarar ba ta tafi ba, domin ragowar zafin farkon sararin duniya ce. A 1967 ɗaliba Jocelyn Bell a Cambridge ta lura da wani ɗan zane a kan doguwar takardar na'ura, wanda ya zama bugun wani mataccen tauraro da ke juyawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa 1.3. A 2017 kuma aka haɗa na'urori takwas da ke warwatse a doron ƙasa suka zama kamar guda, sannan a 2019 aka fito da hoton farko na inuwar baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta, a gungun taurari na M87.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ya haɗa binciken Jansky da na Penzias da na Jocelyn Bell. Dukkansu ƙara ce ƙanƙanuwa wadda ba a yi tsammani ba, kuma an gane ta ne saboda sararin da ke kewaye da ita shiru ne har mai awo ya iya cewa wannan ba daga gare mu take ba. Raunin saƙon da ke zuwa daga taurari ya wuce yadda yawancinmu ke zato: da za a ajiye wayar salula guda a kan Wata tana aiki, da ta shiga sahun abubuwan da suka fi ƙarfi a sama a wurin waɗannan na'urori. A tashar Parkes ta Ostireliya an yi shekaru ana ganin wasu baƙin alamu a cikin bayanai ba a san tushensu ba, sai a 2015 aka gano cewa na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata. Duk lokacin da mai jin yunwa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya da kanta, sai ta yi ɗan tartsatsin igiya da faranti mai faɗin mita 64 yake kamawa. Idan gaggawar mutum guda a ɗakin girki za ta iya rikita masana haka, sai a ƙiyasta abin da dubban na'urori masu aika saƙo daga sama za su yi.

Mai kamfanin sadarwa yana da zaɓi, idan wannan zango ya cika sai ya koma wancan. Masanin falaki ba shi da wannan dama, domin ba shi ya zaɓa wa haidurojin megahaz 1420 ba, haka Allah Ya halicce ta. Wannan ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Duniya da ke Geneva ta keɓe megahaz 1400 zuwa 1427 ta hana kowa aika komai a ciki, tare da wasu ƙananan yankuna a wasu wurare. Waɗannan yankuna kamar burtali suke, an shata su a takarda kowa ya sa hannu, amma gonakin da ke gefe kullum cikin cin iyaka suke. An ga haka da taurarin GLONASS na Rasha, aka kuma gani da na kamfanin Iridium tun ƙarshen shekarun 1990, waɗanda saƙonsu ya riƙa malala zuwa yankin megahaz 1612 da aka keɓe wa masu bincike. Bugu da ƙari, iyakokin da aka shata sun tsufa. Haidurojin da ta fitar da igiyarta lokacin da taurarin farko suke kunnuwa, igiyar ta miƙe a kan hanya saboda faɗaɗar sararin duniya, tana iso mana yau a ƙasa da megahaz 200, wato unguwa ɗaya da tashoshin FM da sadarwar jiragen sama. Babu mai hankalin da zai ce a rufe FM, shi ya sa masana suka ɗauki kayansu suka gudu daji.

Gudun ya yi amfani na wani lokaci. Amurka ta kafa yankin shiru a kewayen tashar bincike ta Green Bank tun 1958. Afirka ta Kudu ta yi doka a 2007 domin kare hamadar Karoo, inda ta buɗe na'urar MeerKAT mai faranti 64 a 2018, kuma a can ne da yammacin Ostireliya aka fara gina babbar na'urar falakin rediyo ta ƙasa da ƙasa mai suna SKA a watan Disamba na 2022. Sai dai duk waɗannan dokoki an yi su ne domin ƙarar da ke tasowa daga ƙasa, wadda dutse ko nisa ke iya tarewa. Tauraron ɗan'adam ta sama yake bi, ba dutsen da zai kare shi, kuma ko ƙasa ba ta ba kamfani lasisi ba, taurarinsa suna ratsa samanta dare da rana. Kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarinsa na intanet masu suna Starlink guda 60 a watan Mayu na 2019, yau suna dubbai, wasu kamfanoni da ƙasashe kuma suna shirin nasu. A 2023 masu aiki da na'urar falakin rediyo ta LOFAR a Holan suka bayyana cewa sun duba taurarin Starlink 68, sun kama igiyoyi daga 47 a cikinsu tsakanin megahaz 110 da 188, har da cikin wani yanki da aka keɓe wa bincike. Abin lura shi ne, wannan ba saƙon intanet ɗin ba ne, wanda ake aikawa a can sama da megahaz 10,000. Yoyo ne daga kayan lantarkin da ke cikin tauraron. Firji da talabijin da ake sayarwa a kasuwa suna da ƙa'idar iya yoyon da aka yarda su yi, amma na'urar da ke shawagi a kan kowa ba ta da irin wannan ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai ƙarfi. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairu na 2023, kuma akwai garuruwa da asibitocin karkara da makarantu da ba a ga ranar da waya za ta kai musu intanet ba. Wanda ya ce a hana su saboda wani farfesa yana son jin haidurojin ta shekara biliyan 13 da ta wuce, ba zai sami mai saurarensa ba, kuma bai cancanci ya samu ba. Amma ban ji masana falaki suna neman a sauko da taurarin ba. Abubuwan da suke nema na injiniya ne, kuma masu yiwuwa: a rufe kayan lantarkin tauraron yadda ba zai yi yoyo ba, a kau da bakin eriyarsa idan zai wuce ta kan tashar bincike, a riƙa sanar da hanyar da zai bi. Shi kansa SpaceX ya ƙulla yarjejeniya da hukumar kimiyya ta Amurka a kan wasu daga cikin waɗannan matakai, abin da ke nuna cewa ana iyawa. Damuwata ita ce alheri ne na ganin dama, wanda kamfani zai iya janyewa ranar da ciniki ya matse, kuma bai hau kan kamfanin da zai zo gobe ba.

Ga wanda kuma yake ganin sauraron taurari shagala ce ta ƙasashen da suka ƙoshi, akwai amsa daga cikin harkar sadarwar kanta. Wata dabarar lissafi da ta taimaka wajen sa Wi-Fi ya yi aiki a cikin ɗaki ba tare da amsa-kuwwar bango ta ɓata shi ba, ta fito ne daga ayarin John O'Sullivan a hukumar bincike ta Ostireliya, mutumin da ya ƙware a falakin rediyo. Tsarin GPS yana buƙatar sanin daidai yadda Duniya take juyawa da ɗan layin da take yi, kuma ana auna wannan ne da farantan rediyo da ke kallon wasu abubuwa masu haske a can ƙarshen sararin duniya, waɗanda nisansu ya sa ba a ganin motsinsu. Sai kuma Rana. Tun 1908 George Hale ya gano cewa baƙaƙen tabon da ke fuskarta matattarar maganaɗisu ne, kuma daga aikin Hannes Alfvén da Eugene Parker aka fahimci yadda take hurowa da iska mai ɗauke da lantarki. Guguwar irin wannan iska ce ta kashe wutar lardin Quebec na Kanada na tsawon awa tara a watan Maris na 1989, wata kuma ta jawo faɗuwar kusan taurarin Starlink 40 jim kaɗan bayan harba su a watan Fabrairu na 2022. Kamfanin da yoyonsa ke damun masu sauraron sama yana cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar gargaɗin masu lura da Rana.

Afirka tana da hannu a wannan magana fiye da yadda ake zato. Rabin SKA a nahiyar yake, kuma Ghana, ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da Afirka ta Kudu a shirin, ta mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Accra ya zama na'urar falaki a 2017. Ƙarancin hayaniyar lantarki a wasu yankunanmu, wanda rashin ci gaba ne ya jawo shi, ya zama abin da manyan ƙasashe ba su da shi kuma suke nema, kuma zai zama abin takaici a rasa shi kafin ɗalibanmu su ci moriyarsa. Babban taron duniya kan zangunan rediyo zai zauna a 2027, kuma kare yankunan shiru daga taurarin ɗan'adam yana cikin abubuwan da aka tsara tattaunawa. A wannan zaure kowace ƙasa tana da murya, har da Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Ina ganin ya dace wakilanmu su mara wa Afirka ta Kudu baya wajen neman a sa iyaka ta doka a kan yoyon da ba na ganganci ba, sannan hukumomin sadarwarmu su sa wannan sharaɗi a cikin lasisin duk kamfanin tauraron ɗan'adam da ke son sayar da intanet a ƙasashenmu, tun yanzu da kamfanonin ke neman kasuwarmu kuma ba su gama harba sauran taurarin ba.